Ƙasar da Iska Ta Kawo, Ciyawa Ta Raya

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa ga bayinSa, Ya hore iskoki su ɗauki ƙura daga wani yanki su sauke ta a wani, Ya ba kowane fili launinsa da ɗabi'arsa da gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman sani, Allah Ya datar da mu baki ɗaya, cewa ƙasar noma iri-iri ce. Manominmu ya san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa ya raba jigawa da fadama, ya san laka, ya san jangargari, ya san fakon da ko an zuba masa iri ba ya karɓa. Alƙur'ani mai girma ya ja hankalin masu tunani zuwa ga wannan bambanci a Suratur Ra'adi da Suratul A'arafi. Malaman noma na Andalus kuwa sun mai da shi fanni: Ibn Bassal mutumin Ɗulaiɗila, a ƙarni na 11 na Miladiyya, ya kasa ƙasa gida goma, Ibn al-Awwam na Ishbiliya kuma ya buɗe babban littafinsa na noma da babin sanin ƙasa, domin a wurinsa shi ne tushen sana'ar. Saboda haka duba cikin wannan ilimi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi.

Abin da nake nufi a wannan maƙala shi ne in ɗauki ƙasa guda ɗaya tak in bi ta daga asalinta zuwa sunanta. Ƙasar tana nesa da mu, a tsakiyar Amurka, masananta suna kiranta Keith. Na zaɓe ta ne don aikin iska da ruwa da ciyawa ya bayyana a jikinta ƙarara, kuma abin da hannun ɗan Adam ya yi mata shi ma a bayyane yake.

Amma wurinta, to gabas da duwatsun Roki akwai fili shimfiɗaɗɗe wanda ido ba ya kai ƙarshensa. Duwatsun suna tare damshin da ke zuwa daga yamma, don haka duk yadda ka kusance su ruwan sama yana raguwa. A 1878 John Wesley Powell ya gargaɗi hukumar ƙasarsu cewa yamma da layin digiri 100 ruwa bai isa a yi noma irin na gabas ba. Ƙasar Keith galibinta a yammacin wannan layi take: yammacin Nebraska, arewa maso yammacin Kansas, gabashin Colorado, da gefen Wyoming da Dakota ta Kudu. Ruwan da take samu a shekara kimanin milimita 450 ne, wato bai yi nisa da na Damagaram ba. Sai dai can akwai hunturun da ƙasa ke daskarewa wata da watanni, kuma wannan sanyi yana da babban rabo cikin labarin.

Amma asalinta, ƙura ce. Bisa ƙiyasin masana, tsakanin shekara 25,000 da 13,000 da suka shige, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin nahiyar, filin ya bushe, tsiro ya yi ƙaranci, iska mai ƙarfi ta riƙa kaɗowa daga arewa maso yamma. Ta riƙa kankare wasu duwatsu masu taushi da ke ɗauke da tokar aman wuta, tana kuma kwasar abin da koguna suka baza a kwaruruwansu. Abin da ya yi nauyi, wato yashi, ta sauke shi kusa, ya zama tuddan rairayi na Nebraska. Abin da ya yi sauƙi ta tafi da shi gaba ta zuba shi kan tudu da gangare baki ɗaya. A wani wuri da ake kira Tudun Bignell, kaurin wannan tarin ƙura ya haura mita 40. Mu mutanen hazo bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kowace shekara iska tana ɗauko mana ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, manomanmu kuma suna kyautata zato ga shekarar da hazo ya yi yawa. Filayen da ke tsakanin Kano da Zariya da Funtuwa ma masana sun tabbatar da cewa akwai lulluɓin ƙurar iska a samansu.

Wannan ƙura mafi yawanta turɓaya ce, kuma a nan ya kamata a tsaya a fayyace. Masana sun raba ƙwayoyin ƙasa uku bisa girmansu. Abin da ya kai milimita 0.05 zuwa 2 yashi ne. Abin da ya gaza milimita 0.002 yumɓu ne. Abin da ke tsakani shi ne turɓaya. In ka murza ta busasshiya tsakanin yatsu sai ka ji ta kamar garin alkama da aka tankaɗe, ba ƙaiƙayin yashi, in kuma ka jiƙa ta sai ta yi santsi ba tare da ta manne wa hannu ba. Falalarta tana cikin wannan tsaka-tsaki. Yashi yana sakin ruwa ya wuce ƙasa, yumɓu yana riƙe shi da ƙarfin da saiwa ba ta iya ƙwatar kaso mai yawa daga cikinsa, ita kuwa turɓaya tana riƙewa kuma tana bayarwa. A wurin da ruwan sama yake da tsada, babu siffar da ta fi wannan daraja. Aibinta kuma daga nan yake: ƙwayoyinta ba su da nauyin yashi, ba su da danƙon yumɓu, don haka da zarar an tsiraita ta, ruwa da iska suna ɗaukarta cikin sauƙi.

Sai Allah Ya suturta ta da ciyawa. Ba dogon gamba ba, gajerun ciyayi ne da matsakaita masu jure fari, waɗanda ɓaunar Amurka ta riƙa kiwo a kansu garke-garke. Wani malami a Jami'ar Nebraska, John Weaver, ya shafe shekaru yana haƙa ramuka a gefen waɗannan ciyayi yana bin saiwoyinsu ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Ya nuna cewa abin da ke ɓoye a ƙasa ya fi abin da ke bayyane: saiwoyi sirara sun saƙe saman ƙasar tam, wasu kuma sun nutsa fiye da mita guda. Kowace shekara wani kaso nasu yana mutuwa a inda yake, sabo ya fito. Sanyi da bushewa suna hana ruɓewar ta yi sauri, allin da ke cikin ƙurar kuma yana ɗaure abin da ya ruɓe da ƙwayoyin yumɓu. Da haka, cikin dubban shekaru, ƙura mai launin toka-toka ta yi baƙi daga sama. Saƙar saiwoyin ta kai ƙarfin da baƙin da suka zo daga baya, da suka rasa itacen gini, suka riƙa yanka ta gunduwa-gunduwa suna gina ɗakuna da ita.

Yanzu mu tsaya a bakin rami. Masanin ƙasa yakan haƙa shi ya kai tsayin mutum, ya share bango ɗaya da wuƙa, ya rataya awo. Ɗabaƙa ta sama, kimanin taƙi guda ko fiye, launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, in an jiƙa sai ta ƙara baƙi. Ka ɗebo ta a tafin hannu sai ta warwatse ƙwaya-ƙwaya, da saiwoyi a jikinta. Ƙarƙashinta wuƙa takan fara jin tauri. Ƙasar a nan tana tsagewa tsaye-tsaye, kowane tsagi kuma yana farfashewa gutsure-gutsure masu kusurwa, in ka juya gutsure ɗaya a hasken rana sai ka ga wani ɗan sheƙi a fuskarsa. Wannan sheƙi yumɓu ne da ruwa ya wanko daga sama kaɗan-kaɗan ya shafa a nan. Masanin yakan jiƙa ɗan kaɗan ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya, tsawon zaren da ya fita kafin ya karye shi ke gaya masa yawan yumɓun. Jifa-jifa kuma a bangon za ka ga zagaye na baƙar ƙasa a cikin fara, ko fara a cikin baƙa: tsofaffin ramukan dabbobi ne da suka cike.

Daga nan sai ya ɗauko 'yar kwalbar ruwan asid mai rauni ya fara ɗigawa daga sama zuwa ƙasa. A ɗabaƙar farko shiru. A ta biyu shiru. Can wajen rabin mita zuwa mita guda sai ɗigon ya tafasa da kumfa, kana iya jin ƙararsa. Ya iso ga alli. Daga nan za a ga farin zare-zare da ɗigo-ɗigo a jikin ƙasar, har a kai ga ƙurar asali wadda ba ta sauya ba.

Wannan iyaka ta alli, a ganina, ita ce mafi ban mamaki cikin siffofin ƙasar. Ƙurar duka da alli ta zo. Ruwan sama yana narkar da shi ya gangara da shi, amma da yake ruwan kaɗan ne, ba ya kaiwa can ƙasa. Saiwoyi suna shanye shi a hanya, allin kuma ya tsaya a inda ruwan ya ƙare. Zurfin allin ke nan ya zama shaidar iyakar da ruwan dubban damuna ya saba kaiwa. A 1934 Hans Jenny da abokin aikinsa Leonard sun bi wannan ƙura daga Colorado, suka ratsa Kansas, har Missouri, suka tarar duk yadda ruwan sama ya ƙaru allin yana ƙara nutsewa, har ya ɓace daga ramin. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya saukar da ruwa bisa gwargwado, Ya kuma bar alamar gwargwadon a rubuce ga mai haƙawa.

Amma rabe-raben, to wanda ya fara ɗaukar ƙasa a matsayin halitta mai tarihin kanta shi ne Vasili Dokuchaev na Rasha, wanda ya wallafa bincikensa kan baƙar ƙasar filayen ƙasarsu a 1883. Amurkawa sun fara zana taswirar ƙasashen nomansu a 1899, suka kuma ɗauki al'adar ba kowane nau'i sunan wani wuri na yankin da aka same shi. A Nebraska akwai gunduma mai suna Keith. Tsarin da suke bi yau ya fito ne a 1975 ƙarƙashin jagorancin Guy Smith, bayan gwaji da gyara na shekaru masu yawa. Ƙa'idarsa ita ce a hukunta ƙasa da abin da ake iya gani a auna a jikinta, kada a hukunta ta da zaton yadda ta samu. Ina ganin wannan ƙa'ida daidai ce, domin ita ce ƙa'idar shaida: mutum ya faɗi abin da ya gani.

Wanda ya karanci manɗiƙi zai gane tsarin nan da nan, don jinsi ne da fasali, ana sauka daga gama-gari zuwa keɓaɓɓe cikin matakai shida. A mataki na farko akwai manyan jinsuna 12. Keith tana cikin Molisol, jinsin ƙasashen ciyawa, wanda ya rufe kusan kashi 7 cikin ɗari na busasshiyar ƙasar duniya da ƙanƙara ba ta lulluɓe ba, daga Yukiren da Rasha zuwa Ajantina. Sharaɗin shiga wannan jinsi shi ne baƙar ɗabaƙar sama, kuma an yi mata haddi mai tsauri. Kaurinta galibi kada ya gaza santimita 18, a wasu halaye ma sai ya kai 25. Sinadarin kabon na ruɓaɓɓen tsiro kada ya gaza kashi 0.6 cikin ɗari. Duhunta ana gwada shi da littafin launuka na Munsell, a ɗora gutsuren ƙasa kusa da ɗigon launi a jiƙe da kuma a bushe. Aƙalla rabin gurabun da ƙasar ke riƙe abincin tsiro da su ya zama cike da kalsiyam da danginsa. Kuma kada ta zama dunƙulalliya mai tauri in ta bushe.

Mataki na biyu yana duban damshi: Keith tana cikin Ustol, masu samun ruwa a lokacin tsiro amma su bushe kwana 90 ko fiye a shekara. Na uku yana duban ɗabaƙar yumɓun nan mai sheƙi, da ita ta zama Arjiyustol. Na huɗu ya ce tana gefen da ya karkata ga hamada, ta fi 'yan'uwanta na gabas bushewa. Na biyar shi ne dangi, inda ake faɗin abin da ya shafi mai noma da mai gini: yumɓunta tsakanin kashi 18 da 35 cikin ɗari, yashin da ake ji a hannu bai kai kashi 15 ba, ma'adinanta gauraye ne, matsakaicin zafin cikinta a shekara kuma tsakanin digiri 8 da 15. Na shida shi ne sunanta na kanta. Irin waɗannan sunaye sun haura 20,000 a ƙasar Amurka. Sunayen suna da nauyi a harshe, manomin Nebraska ma ba ya faɗarsu a gona, amma wanda ya san su, ko yana Zariya, zai iya siffanta ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Amfanin haddi yana fitowa ne in aka dubi maƙwabta. Duk daga ƙura ɗaya suke, ƙarƙashin sama ɗaya. A kwari, inda ruwa da ƙasa ke taruwa, baƙar ɗabaƙa takan kai rabin mita ko ta wuce, sai a kira ta Goshen. Inda yumɓun ya haura kashi 35 sai ta zama Richfield. Inda ruwa bai samu damar tara yumɓu a ƙasa ba, Ulysses ce. Gabas kaɗan, inda ruwan sama ya ƙaru, akwai Holdrege, wadda Nebraska ta ɗauka a matsayin ƙasar jiha a 1979. A kan gangare mai tsanani kuwa, inda zaizaya ke kwashewa kafin ciyawa ta gina, akwai Colby: fara-fara, da alli tun daga sama ko dab da sama, ba ta ma cikin Molisol.

Mai karatu zai iya tambaya: mu ma muna da ciyawa da ƙurar iska da ruwa kwatankwacin wannan, don me tudunmu bai yi baƙi ba? Amsa ita ce zafi. Cikin ƙasarmu yana da ɗumi duk shekara, abin da ya ruɓe yana ƙonewa da sauri, gara tana cin rabonta, gobarar daji tana cin nata, mu kuma muna kwashe kara da harawa don buƙatunmu. Shi ya sa kabon ɗin gonakin tudu a wurinmu sau da yawa bai kai haddin nan ba, kuma shi ya sa manomin karkarar Kano bai taɓa wasa da kai taki gona ba.

Sauran abin da ya rage shi ne hannun mutum, kuma a nan zuciya take ɓaci. Filin yana da masu shi: Lakota da Cheyenne da Arapaho da Pawnee. An kore su da ƙarfin bindiga da karya alkawari, aka karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya yi noma shekara biyar eka 160. Mai karatun fiƙihu zai tuna da babin raya mataccen fili, amma malamanmu sun sharɗanta cewa filin ya kasance babu haƙƙin kowa a kansa, har makiyayar gari da wurin itacensa sun fitar da su daga hukuncin. Ban da haka, filin da ciyawa ta yi dubban shekaru tana ginawa ba matacce ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya alkama ta yi tsada, bayansa tarakta ta yawaita, aka kife miliyoyin eka. Da fari ya zo a shekarun 1930, babu saiwar da za ta riƙe turɓaya, iskar da ta kawo ta ta dawo ta ɗauka. Abin ya fi muni a kudu da yankin Keith, a kudu maso yammacin Kansas da maƙwabtansa, inda Richfield da Ulysses suke. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare, kafin watan ya ƙare majalisar ƙasar ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett. Binciken tashoshin gwaji na yankin ya nuna cewa noman shekara talatin zuwa arba'in ya cinye tsakanin sulusi da rabin ruɓaɓɓen tsiron da ke saman ƙasar.

Ba ina cewa noma ta haramun ba ne. Keith a shimfiɗe tana cikin mafi kyawun ƙasashen yankin. A tsarin darajoji takwas da hukumar ke auna iyawar ƙasa da shi, tana cikin na sama, abin da ke rage ta ƙarancin ruwa ne kawai. Ana noma alkama a kanta shekara guda a hutar da ita shekara guda don ta tara damshi, ana noma dawa, inda kuma aka samu ban-ruwa daga taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Ogallala ana noma masara, ko da yake taskar tana raguwa a wurare da yawa. Manoma da dama yanzu sun daina kifar da ƙasa, suna shuka cikin tushiyar bara don ta tare iska ta riƙe dusar ƙanƙara. Amma tsarin nan da ya yaba wa Keith shi ne ya sa Colby ta gangare mai tsanani a darajar da ba a yarda a sa mata garma ba. Wannan shi ne amfanin rabe-rabe a wurina: ya gaya maka inda za ka noma da inda za ka bari.

Shari'armu ta san wannan bari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka. Amurka ta iso ga wani abu mai kama da haka a 1985, da ta fara biyan manoma su mai da gonaki masu saurin zaizaya ƙarƙashin ciyawa na shekara 10 zuwa 15. A 2007 filin da ke cikin shirin ya kusa eka miliyan 37. Da hatsi ya sake tsada, miliyoyin eka daga ciki suka koma ƙarƙashin noma. Ciyawar shekara goma tana tsayar da zaizaya, amma kaɗan take mayarwa daga baƙin da ya tafi. A gonakin da ke kan 'yan tuddai, inda garma ta riga ta haɗa sama da ƙasa, masu taswira sukan tarar baƙar ɗabaƙar ba ta kai santimita 18 ba, asid kuma yana tafasa tun daga saman kunya, sai su rubuta ta cikin zaizayayyu.